Geoffrey Lawrence, alƙalin da ya riƙe akalar shari'ar Nuremberg

Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a sanin abin da za ta haifa sai ta sauka. A ƙarshen shekara ta 1945, mutane kaɗan ne suka yarda cewa wannan karin magana za ta yi aiki bisa shari'ar da aka shirya yi ma manyan gwamnatin Hitila a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus. Waɗanda suka ci yaƙi su ne suka rubuta dokar, su suka kawo ƙara, su suka naɗa alƙalai, kurkukun ma a hannunsu yake. Firaministan Ingila Winston Churchill ya daɗe yana ganin harbe manyan ƴan Nazi ya fi sauƙi bisa ga gurfanar da su. Janar Iona Nikitchenko na Tarayyar Sobiyet, wanda daga baya ya zauna cikin alƙalan, ya faɗa a taron Landan cewa mutanen nan an riga an same su da laifi, abin da ya rage shi ne a yanke musu horo.

Duk da haka, ranar 1 ga watan Oktoba 1946 kotun ta sallami mutum uku daga cikin 22, ta kuma bambanta hukuncin sauran gwargwadon abin da aka tabbatar a kan kowannensu. Masu nazarin wannan shari'a sun yi ittifaƙi cewa mutuncin da ta samu, kaso mai yawa nasa ya fito ne daga halin mutumin da ya shugabance ta, wato Geoffrey Lawrence, da kuma ƴan ƙa'idodin da ya ɗora ma lauyoyin ɓangarorin biyu ba tare da ya duba tutar kowa ba.

Asalinsa da tarbiyyarsa

An haifi Lawrence ranar 2 ga watan Disamba 1880, a gidan da shari'a ta zama gado. Mahaifinsa, Alfred Tristram Lawrence, ya kai matsayin shugaban alƙalan Ingila a 1921, lokacin da ya haura shekara saba'in. Bai daɗe bisa kujerar ba, domin gwamnatin Lloyd George ta ɗora shi ne don ya riƙe ma wani wuri, kuma labari ya shahara cewa a 1922 cikin jarida ya karanta sanarwar murabus ɗinsa. Ɗan nasa yana lauya a lokacin, ya ga yadda ƴan siyasa ke iya wasa da kujerar alƙali komai girmanta.

Geoffrey ya yi karatu a makarantar Haileybury da jami'ar Oxford, ya zama lauya a 1906. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga rundunar igwa, ya yi yaƙi a ƙasar Faransa har aka ba shi lambar yabo ta jaruntaka. Bayan yaƙi ya koma aikinsa, inda ya fi yawan tsayawa gaban kotun ƙoli ta Landan mai sauraron ƙararrakin da ake ɗaukakawa daga ƙasashen daular Ingila. Wannan aiki ya saba masa da dokoki iri-iri da mutane masu al'adu dabam-dabam. A 1932 aka naɗa shi alƙalin babbar kotu, a 1944 kuma ya hau kotun ɗaukaka ƙara.

Ba a san shi da zurfin falsafar doka ba, ba a kuma san shi da iya jawabi ba. Gajere ne, mai sanƙo, tabarau na zamewa bisa hancinsa. Abin da ya fi so a duniya shi ne gonarsa ta ƙauyen Oaksey, inda yake kiwon shanu da dawaki. Abokan aikinsa sun san shi da haƙuri, da ƙarancin magana, da rashin son a gan shi.

Yadda kujerar ta zo hannunsa

Yarjejeniyar Landan ta ranar 8 ga watan Agusta 1945 ita ta kafa kotun. Ƙasashe huɗu, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet, kowace ta kawo alƙali ɗaya da mataimakinsa. Tun farko Norman Birkett aka yi ma tayin wakiltar Ingila, mutum mai kaifin harshe da ya yi suna a shari'o'in kisan kai. Daga baya hukuma ta ga ya kamata a aika wanda ya fi shi muƙami, sai Birkett ya koma mataimaki, abin da ya daɗe yana yi masa ciwo. Alƙalin Amurka, Francis Biddle, tsohon ministan shari'a, ya so shugabancin kotun. Amma Robert Jackson, babban mai gabatar da ƙara na Amurka, ya nuna masa cewa ginin da masu gadi da kuɗin aiki duk na Amurkawa ne, in suka haɗa da kujerar shugaba duniya za ta ce shari'ar tasu ce su kaɗai. Da haka alƙalan suka zaɓi Lawrence a watan Oktoba 1945.

Aikin da ke gabansa ya fi na kowace kotun da ya taɓa zama wuya, domin al'adun shari'a biyu ne aka haɗa cikin zaure guda. A tsarin Faransa da Jamus, wanda kotunan Nijar suka gada ta hanyar Faransa, shugaban kotu ne ke jan ragamar tambayoyi, yana da kundin bincike a gabansa tun kafin zama. A tsarin Ingila da Amurka, wanda Najeriya ta gada, lauyoyi ne ke kawo shaidu, kowane ɓangare ya titsiye shaidun ɗaya da tambayoyi, alƙali na zaune yana tsaron ƙa'ida. Yarjejeniyar Landan ta fi karkata ga tsari na biyu. Lauyoyin Jamusawa ba su saba da shi ba, na Faransa da na Sobiyet ma haka. Ga kuma harsuna huɗu da ake fassarawa nan take ta na'urar kamfanin IBM, ƙarƙashin jagorancin Kanar Léon Dostert. In mai magana ya yi sauri, fitila rawaya ta kama. In tafinta ya kasa bin sa, ja ta kama, a dakata.

Ranar 20 ga watan Nuwamba 1945 Lawrence ya buɗe zama da taƙaitaccen jawabi. Ya ce ba a taɓa yin shari'a irin wannan ba a tarihi, saboda haka wajibi ne kowa ya yi aikinsa ba tsoro ba son kai. Washegari aka ga abin da yake nufi. Da aka kira Hermann Goering ya amsa ko ya yarda da laifi, sai ya ɗauko takarda zai karanta jawabi. Lawrence ya katse shi, ya ce amsa biyu ce kawai, ko ya amsa laifi ko ya musanta. Da Rudolf Hess ya ce a'a kurum, mutane suka yi dariya. Lawrence ya sa aka rubuta cewa ya musanta, sa'an nan ya gargaɗi ƴan kallo cewa duk wanda ya ta da hayaniya za a fitar da shi. Cikin awa guda, wanda ake tuhuma da masu murnar ganin faɗuwarsa duk sun ji iyakarsu.

Abin da ya nema ga masu gabatar da ƙara

Ƙa'idarsa ta farko ita ce kada a yi amfani da wata hujja a kan mutum sai shi da lauyansa sun gan ta cikin harshen da suke ji. Amurkawa sun zo da tarin takardun da aka ƙwato daga ofisoshin gwamnatin Jamus, suka fara miƙa su kotu dami-dami, tare da bayanai cikin Turancin Ingilishi. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka koka cewa ba su samu kofi ba. Da Lawrence ya bincika, sai ya tarar an raba ma ƴan jarida kofi masu yawan gaske. Ya ce in har ana iya wadata ƴan jarida, to lauyoyi sun fi su cancanta. Kotu ta yanke cewa takarda ba za ta shiga kundin shari'a ba sai an karanta ta a fili, yadda tafintoci za su juya ta cikin Jamusanci. Wannan mataki ya ja shari'ar ta yi tsawo, ya gajiyar da ƴan jarida, amma ya toshe bakin duk wanda zai ce an hukunta mutane da takardun da ba su taɓa gani ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kowace hujja ta nuna inda ta shafi tuhumar. A watan Disamba 1945, Kanar Robert Storey ya tsaya yana karanto takardu bisa ƙungiyoyin jam'iyyar Nazi. Lawrence da Biddle suka dinga tsayar da shi suna tambayar me wannan takarda ta ƙara bisa wadda ta gabace ta, kuma wane laifi take tabbatarwa. Sau da yawa ya rasa amsa, har waɗanda ake tuhuma suna murmushi. Tun kafin buɗe zama ma kotun ta ƙi biyan wata bukata ta Jackson. Da aka ga attajirin makamai Gustav Krupp ya tsufa ya rikice, ba ya iya fuskantar shari'a, sai Jackson ya nemi a yi masa ita a bayan idonsa, ko kuwa a sa ɗansa Alfried cikin takardar tuhuma. Alƙalan suka ƙi duka biyun, domin ba a musanya wanda ake tuhuma kamar yadda ake musanya ɗan wasa.

Ranar da Jackson ya fusata

Babbar jarrabawa ta zo a watan Maris 1946. Goering ya hau kujerar shaida ranar 13, ya kwashe kwanaki yana ba da tarihin mulkinsu yadda yake so a ji shi. Ranar 18 Jackson ya fara yi masa tambayoyi. Jackson alƙali ne a kotun ƙolin Amurka, jawabinsa na buɗe ƙara ya girgiza duniya, amma ya daɗe rabonsa da titsiye mashaidi. Tambayoyinsa suka zo da faɗi, Goering kuwa ya riƙa mai da kowace ɗaya huɗuba. Jackson ya kawo wata takarda ta 1935 da ya ɗauka tana maganar shirin ƙwato yankin Rhin, Goering ya nuna cewa an yi kuskuren fassara, maganar share kogin ce daga abin da zai tare hanyar jirage. Da Jackson ya ce ai an ɓoye shirin, Goering ya amsa cewa bai taɓa ganin Amurka ta buga nata shirin yaƙi a jarida ba. Jackson ya cire abin sauraro daga kunnensa ya jefar bisa tebur, ya nemi kotu ta tilasta ma mashaidi ya amsa da i ko a'a kawai.

Lawrence ya ɗage zama, ya bar zukata su huce. Washegari Jackson ya sake kawo kukansa, yana cewa shari'a na neman kuɓuce ma kotu. Lawrence ya yarda cewa maganar Goering bisa Amurka ba ta da wuri, ya ce abin da ya dace da ita shi ne a yi banza da ita. Amma bai canza ƙa'ida ba: mashaidi ya amsa tambaya kai tsaye, bayan haka yana da damar ɗan taƙaitaccen bayani. Wakilin ƙasar da ta fi kowace ƙarfi a zauren ya zauna bai samu abin da ya nema ba.

Ba kowa ya yaba wannan mataki ba. Birkett da kansa yana ganin an sakar ma Goering linzami fiye da kima. Sai dai kwanakin da suka biyo baya sun nuna cewa ƙa'idar ba ta hana lauyan da ya shirya yin aikinsa. David Maxwell Fyfe na Ingila ya tashi da gajerun tambayoyi, kowace na rataye da takarda da kwanan wata, bisa kisan hafsoshin sojan sama 50 da suka tsere daga sansanin fursunoni na Sagan a 1944. Cikin dokar da Jackson ya ce ta ɗaure masa hannu, Maxwell Fyfe ya matse Goering har ya rasa wurin zillewa. Da aka gama, Lawrence ya sanar cewa an bar Goering ya ba da tarihin mulkin Nazi gaba ɗaya, saboda haka ba za a bar sauran su maimaita shi ba.

Lauyoyin waɗanda ake tuhuma

Su ma ba su samu sassauci ba inda suka kauce. Yarjejeniyar Landan ta hana a ƙalubalanci halaccin kotun, don haka aka yi watsi da ƙorafin da suka shigar tare tun ranar farko. Alfred Seidl, lauyan Hess, ya nace sai ya tabbatar cewa yarjejeniyar Versailles ta 1919 zalunci ce. Lawrence ya sha gaya masa cewa adalcin Versailles ko rashinsa ba ya cikin abin da ake shari'a a kai, har a watan Yuli 1946 ya tsayar da jawabinsa na ƙarshe, ya sa shi ya je ya sake rubutawa. Kullum yana tunatar da su su rage dogon sharhi, su yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, su dakata tafinta ya gama.

Amma ya tsare musu mutuncinsu. A farkon 1946 wata jaridar birnin Barlin ta kai ma Hanns Marx hari, lauyan Julius Streicher, wanda ya fi kowa ƙazamin baki bisa Yahudawa. Jaridar ta yi masa barazanar cewa jama'a za su ƙaurace masa. A watan Maris Lawrence ya ɗauki maganar a bainar jama'a. Ya ce lauyan da ke kare wanda ake tuhuma aikin kotu yake yi, yana ƙarƙashin kariyarta, kuma ba za a lamunci tsoratar da shi ba. Ya nemi hukumar mamaya ta binciki lamarin.

Haka kuma kotun ta buɗe musu ƙofofin da ba su daɗaɗa ma masu nasara ba. Otto Kranzbuehler, lauyan Karl Doenitz shugaban sojan ruwa, ya samu izinin aika tambayoyi ga Chester Nimitz, babban hafsan sojan ruwan Amurka a tekun Pasifik. Nimitz ya amsa cewa jiragensu masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun riƙa nutsar da jiragen Japan ba gargaɗi tun farkon shigarsu yaƙi. Hukunci ya bayyana cewa ba a auna horon Doenitz bisa wannan fanni ba, aka ɗaure shi shekara 10. Sa'ad da Seidl ya ta da zancen yarjejeniyar sirri ta 1939 da Hitila da Stalin suka raba Poland, wakilin Sobiyet Roman Rudenko ya tashi yana adawa. Kotu ta ƙi karɓar kofin takardar saboda ba a san inda ya fito ba, amma ta bar shaidu su faɗi abin da suka sani game da ita.

Sai maganar dajin Katyn. Masu ƙara na Sobiyet sun ɗora ma Jamusawa kisan hafsoshin Poland 11,000, suka kuma ce rahoton gwamnatinsu ya isa hujja, ba sai an saurari kowa ba. Alƙalan suka ƙi, suka ba kowane ɓangare shaidu uku a farkon watan Yuli 1946. Hukuncin ƙarshe bai ambaci Katyn ko sau ɗaya ba. A 1990 gwamnatin Mosko ta amsa cewa ƴan sandan asirin Stalin ne suka yi kisan a 1940, kuma waɗanda aka kashe a Katyn da sauran wurare sun kai wajen 22,000.

Inda ikonsa ya tsaya

Shirun da aka yi bisa Katyn yana nuna iyakar abin da alƙali mai gaskiya ke iya yi cikin kotun da masu nasara suka kafa. Lawrence ya hana a rataya ma mutum laifin da bai yi ba, amma ba ya da ikon kiran mai laifin gaskiya, domin wakilinsa na zaune kusa da shi. Nikitchenko ya taɓa zama cikin alƙalan shari'ar ganin ido ta Mosko a 1936. Ba wanda aka tuhuma bisa ruwan bama-baman da aka yi ma Dresden ko Hiroshima. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Mutanen Afirka suna da nasu dalilin lura da wannan. A daidai watannin da ake tuhumar Fritz Sauckel da kwasar miliyoyin mutane zuwa aikin bauta a Jamus, aikin tilas na nan bisa doka a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. Sai ranar 11 ga watan Afrilu 1946 aka soke shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Girman ta'asar Nazi dabam yake, amma ƙasashen da suka zauna yin hukunci ba su zo da hannu wankakke ba, kuma wannan ba abin da shugaban kotu zai iya gyarawa ba ne daga kujerarsa.

Hukunci da abin da ya bari

Kotun ta yi zama 403 a bainar jama'a. Ta saurari shaidu 33 na masu ƙara da 61 na masu kariya, ban da mutum 19 daga cikin waɗanda ake tuhuma da suka ba da shaida da bakinsu. Ranar 31 ga watan Agusta 1946 aka ba kowannensu damar maganar ƙarshe. Ranar 1 ga Oktoba Lawrence ya karanta ma kowa horonsa ɗaya bayan ɗaya, cikin murya guda, ba gori ba huɗuba. Mutum 12 aka yanke ma rataya, har da Martin Bormann da aka yi ma shari'a a bayan idonsa. Uku ɗaurin rai da rai. Huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20. Hjalmar Schacht da Franz von Papen da Hans Fritzsche aka sallame su, duk da rashin amincewar Nikitchenko. Goering ya sha guba daren da za a rataye shi, sauran goma aka zartar musu ranar 16 ga Oktoba.

Lawrence ya koma Ingila, aka ba shi sarautar Lord Oaksey a 1947, ya yi shekara goma cikin manyan alƙalan ƙasar, sa'an nan ya koma ga shanunsa. Ya rasu ranar 28 ga watan Agusta 1971. Bai bar wani babban littafi ko sabuwar nazariyya ba. Abin da ya bari yana cikin kundin zaman kotun, shafi bayan shafi: lauya ya nuna ma abokin hamayyarsa hujja kafin ya yi amfani da ita, ya faɗi inda ta shafi tuhuma, ya bar mashaidi ya ƙarasa amsarsa, ya yi magana yadda tafinta zai iya bin sa, kuma wanda ke kare mafi munin mutane kada a taɓa shi saboda aikinsa. Kotunan da aka kafa daga baya, ta Arusha a 1994 domin kisan ƙare dangi na Ruwanda, da ta Dakar da ta hukunta Hissène Habré a 2016, duk sun ci karo da tambayar da aka yi ma Nuremberg, wato ko shari'a ce ko ramuwar gayya ce da ta sa rigar alƙali. A zauren Lawrence an amsa ta ranar da ya ƙi bukatar Jackson da irin ladabin da ya katse Goering da shi.